Yadda Za Ki Daina Saƙa da Warwara Ki Fara Sayar da Sana'ar Hannunki a Kano

Na fi shekara goma ina haɗa turaren wuta da humra a gida, kuma 'yan mata da matan aure da dama sun zauna a tsakar gidana sun koya. Cikin waɗanda suka koya ɗin, masu sayarwa a yau ba su kai waɗanda suka ajiye ba. Da yawa cikin masu ajiyewar sun fi wasu iyawa, kuma jarin bai gagare su ba. Tunani ne ya riƙe su. A kwanta da shi, a tashi da shi: wa zai saya, nawa zan sa, idan ya ƙi ƙamshi fa, ai masu yi sun cika gari. A saƙa wannan a kwance wancan har shekara ta zagayo.

Ni ma na ɗanɗana. Kayan haɗina na farko sun kusa shekara biyu a jakar bakko ƙarƙashin gado. Ranar da na buɗe, madarar turaren, wato man turare mai ƙarfi da ba a sirka ba, ta bi iska ta koma rabi, wadda ta rage kuma ƙamshinta ya juya. Jira ma yana cin kuɗi. Duk wadda ta tambayi farashin kayan haɗi kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ta koma bayan darajar naira ta faɗi, ta san abin da nake nufi, domin yawancin madarar turare daga waje ake shigo da ita.

Misalaina na turare ne saboda shi na sani ciki da bai. Amma mai saƙar kwarashi, mai jakar atamfa, mai sabulu, mai ɗinkin hula, har da namiji mai dukanci, duk za su iya bin matakan nan. Ina ɗauka kin riga kin iya yin abin. Yadda za ki fitar da shi daga ɗaki zuwa hannun mai saye shi ne maganarmu.

KAYAN DA ZA KI TANADA

Littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro. Kada ki ce za ki riƙa ajiyewa a waya, waya tana lalacewa, yara suna gogewa.

Waya mai kyamara da WhatsApp. In taki ƙarama ce, ari ta 'yar'uwa na awa ɗaya don ɗaukar hoto.

Ƙaramin sikeli mai auna giram. In babu, ki ware gwangwanin madara ɗaya, cokali ɗaya da murfin kwalba ɗaya, su zama ma'auninki, kada ki sauya su.

Tukunya da muciya na wannan aikin kaɗai. Tukunyar da ta dafa turare ba ta komawa miya.

Mazubi guda goma masu murfi mai kamawa.

Wurin ajiye kuɗin sana'a daban da na cefane: asusun banki na biyu, ko gwangwani mai makulli.

Sai mutum ɗaya mai faɗa miki gaskiya ko ba daɗi. Yayarki, ƙawarki ko malamarki. Ɗaya tak, domin in suka kai biyar kin ƙara wa kanki ruɗani.

1. ZAZZAGE TUNANIN A TAKARDA

Ki samu daren da yara suka yi barci, ki buɗe shafin farko, ki rubuta duk abin da yake tsorata ki, ɗaya bayan ɗaya, har wanda kike jin kunyar faɗa. Tsoron da yake cikin kai yana yawo ne, ya tafi ya dawo da wata kama, sai ki zaci dubu ne. In kin rubuta za ki tarar da wuya su wuce layi goma sha biyar.

Sai ki kasa su uku. Kashi na farko, waɗanda tambaya ɗaya za ta kashe: nawa ake sayar da dozin na kwalba, ina ake buga sitika. Gobe ki ɗaga waya ki tambaya, ki rubuta amsar a gefe. Kashi na biyu, waɗanda ba mai amsa su sai mai saye: za a so ƙamshin, za a biya wannan kuɗin. Ko za ki shekara kina nazari ba za ki samo amsarsu a kan katifa ba, don haka ki sa musu alama ki bar su sai mataki na goma sha ɗaya. Kashi na uku, abin da mutane za su ce: dangin miji, maƙwabta, abokiyar zama. Ki ja layi a kansu. Za su yi magana in kin fara, za su yi in kin zauna, kuma a garin da mata suka daɗe suna sayar da ƙuli-ƙuli, alkaki da dubulan daga cikin gida ba a taɓa ɗaukar sana'a abin kunya ba.

Akwai wani tarko da nake so ki gane tun yanzu. Kallon bidiyon masu haɗi a TikTok da YouTube, da shiga ajin WhatsApp bayan aji, yana sa mutum ya ji kamar aiki yake yi. Wata ɗalibata ta biya kuɗin aji har huɗu bayan ta gama a wurina, kuɗin da ya isa jari, kuma kowace malama ta ba ta haɗi daban har ta rasa na kamawa. Daga yau babu sabon aji sai kin sayar da na farko.

2. ZAƁI ABU ƊAYA, GIRMA ƊAYA

Turaren wuta kala ɗaya, a kwalba iri ɗaya. Ban da humra, ban da kwalacca, ban da turaren tsuguno, duk za su zo daga baya. Ki ɗauki wanda hannunki ya fi faɗawa, wanda aka taɓa tambayarki a gidan biki, "Wai wannan ƙamshin a ina kika saya?" In biyu ne suka tsaya miki, ɗauki wanda kayan haɗinsa suka fi araha.

3. SHAWARA, ISTIHARA, SANNAN A SA RANA

Ki sanar da maigida ko iyaye, ki nemi yardarsu da addu'arsu. Ki je da magana a dunƙule: ga abin da zan yi, ga kuɗin da zan sa, ga sau nawa zan fita. Sau da yawa abin da yake sa a hana shi ne a ji maganar ba kai ba gindi.

Ki yi istihara. Amma na ga mata da yawa sun yi ta sannan sun zauna jiran mafarki wata da watanni. Malamai sun yi bayani cewa mafarki ba sharaɗi ba ne: ki yi raka'a biyu, ki karanta addu'ar, ki nufi abin, in alheri ne Allah ya sauƙaƙa, in ba haka ba ya kawar. Mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara.

Yanzu ki sa rana, kwana ashirin da ɗaya daga yau. Na zaɓi haka ne saboda turare yana bukatar aƙalla mako guda a rufe ya tsumu. Mai saƙa ko ɗinki mako biyu ya ishe ta. In akwai biki, suna ko walimar sauka a dangi a wannan tsakanin, ki ɗaura ranar a kansa, tunda ga mata a tare kuma ranar ba ta ɗaguwa saboda ke. Ki rubuta ta a bangon littafin, ki faɗa wa mai faɗa miki gaskiyar nan, ki ba ta izinin ta riƙa tuntuɓarki.

Kada ki ce sai gab da sallah lokacin da kasuwa ke ci. Gwajinki ya kamata ya riga azumi, yadda in ciniki ya buɗe hannunki ya riga ya zauna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

4. YANKE JARIN DA BA ZAI HANA KI BARCI BA

Babban abin da yake haifar da dogon nazari shi ne tsoron asara, maganinsa kuwa a rage abin da za a iya asarar. Ki tambayi kanki: nawa ne in ya salwanta gaba ɗaya zan yi baƙin ciki kwana biyu in ci gaba da rayuwa? Wannan ne jarinki na farko. Daga kwasar adashi, ko kuɗin da kika tara a asusu, ko gudummawar da aka ba ki.

Kada ki sayar da ɗan kunnen gwal ko akuya a kan gwaji. Kada ki ci bashi, musamman na manhajojin waya masu ba da rance da ruwa. Mai bashi a ka ba ta iya jure wa mako guda babu ciniki, sai ta karya farashi ta ci uwar kuɗi. In ba ki da ko kwabo, ki nemi mutum uku su ba da rabin kuɗin kayansu tun kafin ki haɗa, ki shiga kasuwa da shi. Na san waɗanda da haka suka tashi.

5. SHIGA KASUWA SAU ƊAYA, DA TAKARDA A HANNU

Mu a Kano Allah ya hutar da mu, kusan babu kayan sana'ar da za ki nema ki rasa. Itacen turare irin su hawi da sandal, da kajiji, farce (ɓawon wata halittar teku da ake sawa a turare) da miski, akwai su a kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Kwalabe da madarar turare ki duba Sabon Gari. Mai atamfa da yadi ta nufi Kantin Kwari, mai neman fata ko robobi ta nufi Ƙofar Wambai.

Ki rubuta abin da za ki saya da adadinsa tun daga gida. Ki fita da hantsi, kafin rana ta take kuma kafin cunkoso. Ki tambayi shago uku, ki taya, in an ce albarka ki ƙara kaɗan ko ki matsa gaba, sannan ki saya. Shago uku na ce. Wadda ta zaga goma takan dawo gida hannu rabbana da ciwon kai, ta ce sai ta sake tunani.

Madarar turare ita ce ta fi cin kuɗi kuma a nan aka fi cutar sabon shiga. Ki sa a ɗiga miki a bayan hannu, ki tafi sayen sauran kaya, bayan rabin awa ki shinshina. Mai kyau tana nan, wadda aka sirka ta gudu ko ta bar wani wari mai kama da na mai. An taɓa sayar mini da sirkakkiya a wani shago saboda na shinshina bakin kwalba kawai na biya, haɗin gaba ɗaya ya tashi salam. Tun daga ranar ban ƙara saye ban gwada a fata ba. Kuma kada ki gwada fiye da kala huɗu a lokaci guda, hanci yana gajiya ya daina bambancewa.

Za a ce miki sari ya fi sauƙi, ki ɗauki babbar kwalba. Gaskiya ne, amma ba yau ba. Ki sayi awon da zai yi miki guda goma. Kowane abu kika saya ki rubuta kuɗinsa nan take, har kuɗin adaidaita sahu da na leda, ki karɓi lambar mai shagon da kika ji daɗin mu'amalarsa.

In ba kya fita, ki aiki ƙaninki ko ɗanki da takardar, ya kira ki ta bidiyo daga shagon. Ko ki sayi awo a hannun wata mai haɗi a unguwa, ko da ya ɗan fi tsada.

6. YI GUDA GOMA, KI TSAYA

Ki ware yini guda. Duk abin da kika zuba ki auna ki rubuta: itace gwangwani kaza, sukari kaza, madara murfi kaza. Wannan shafin shi ne dukiyarki, domin in haɗin ya yi kyau aka dawo nema, dole ki iya maimaita shi sak. Masu haɗi da ka su ne kwastoma ke ce wa, "Na wancan karon ya fi."

Kurakuran da na fi gani ga masu farawa su ne waɗannan. Itacen bai bushe sosai ba, sai ya yi hunhuna a kwalba, musamman da damina. Farce ba a jiƙa an kankare an soya shi da kyau ba, sai ƙarninsa ya danne ƙamshi. Wuta ta yi yawa, sukari ya ƙone, turare ya riƙa ƙauri. Na ƙarshen kuma shi ne mai haɗari: zuba turaren ruwa alhali tukunya tana kan wuta. Da yawansu suna kamawa da wuta nan take. Ki sauke, ki matsa nesa da murhu, ya sha iska, sannan ki zuba. Ki yi aikin a tsakar gida, yara su yi nisa, ki ɗaure mayafinki.

Ki zuba a kwalba, ki rufe, ki ajiye inda rana ba ta taɓawa har mako guda. Daga nan sai gwaji. Ki sa garwashi a kasko, ki turara ɗaki da mayafi ɗaya, ki rataye shi, washegari ki shinshina. Tambaya uku kawai za ki yi: yana ƙauri? Ya kama mayafin? Kwalbar tana da tsabta, murfin yana kamawa? In amsar ta yi daidai, ya isa sayarwa. Zuciya za ta ce miki ki ƙara miski, ki sake haɗi, na wance ya fi. Ki rubuta gyaran a littafi don karo na biyu, wannan kuwa ya fita yadda yake.

In da gaske ya ƙone, kada ki sayar, kuma kada ki ɗage ranar fiye da mako guda. Ki sake rabin adadin.

7. FARASHI

A nan mutane suka fi maƙalewa, don haka zan zauna a kansa. Farashi lissafi ne, ba jin zuciya ba. Ga misali da alƙaluman da na ɗora don a gane, ke ki sa naki na gaskiya daga littafi.

A ce itace da garin haɗi sun ci naira 9,000, madarar turare 12,000, sukari da gawayi 2,000, kwalabe goma da sitika 3,500, kuɗin mota 1,500, data da leda 1,000. Ya kama 29,000. Sai ki sa ladan aikinki, a ce 4,000 na yinin da kika yi a tsaye gaban wuta. Ya zama 33,000. Kwalba ɗaya za ta tafi a gwaji da ɗan abin da za ki riƙa ba mutane su ji, saura tara. Ki raba 33,000 gida tara, kowace ta tsaya miki kusan 3,700. Ki ɗora riba ki sa 4,500. In duk sun tafi kin karɓi 40,500: uwar kuɗi 29,000, ladanki 4,000, riba 7,500.

Abu biyu ake mantawa, kuɗin mota da ladan aiki. Mace ta yi wata shida tana sayarwa, kaya suna tafiya, amma jari yana ƙanƙancewa ba ta san dalili ba. Dalilin ke nan.

Bayan kin fitar da lissafin, ki duba nawa mutum biyu ko uku suke sayar da irin wannan kwalbar. In naki ya yi kusa da nasu, shi ke nan. In ya zarce sosai, ki rage girman mazubi maimakon ki rage inganci, tunda mai naira 2,000 a hannu ta fi mai 4,500 yawa. Kada ki karya farashi don ki jawo mutane. Wadda ta saba saye a 3,000 ranar da kika ce 4,500 gani za ta yi kin cuce ta.

Mutanenmu suna son tayi, wannan al'ada ce. Ki yanke tun a gida iyakar da ba za ki sauka ƙasa da ita ba, ki rubuta. In an matsa, gyara ya fi ragi: ki ƙara ɗan ƙulli a leda, farashin ya zauna inda yake.

8. SUNA DA HOTO

Awa ɗaya za ki ba wannan. Sunanki ko na 'yarki da kalmar turare ya wadatar, da lambar waya. In buga sitika zai ja lokaci, ki rubuta da hannu a farar takarda ki manna da salatif. Na ga wadda ta yi wata huɗu tana sauya kalar tambari alhali ba ta da kwalba ko ɗaya a ƙasa.

Hoto kuma, ki goge idon kyamara, ki shimfiɗa farin mayafi kusa da taga da safe, ki ɗauki uku: kwalba a rufe, a buɗe, sai kasko yana hayaƙi. Kada ki ɗauko hoton wata a intanet ki ce naki ne.

9. SAYARWAR FARKO

Daren jajiberin ranar, ki rubuta sunan mutum ashirin da kika san suna sayen irin kayan: 'yan'uwa, ƙawayen Islamiyya, abokan aiki, matan unguwa. Da safe ki sa hoto a sitatus da farashi a rubuce. Kada ki ce a biyo ki ta ciki don jin kuɗi, mutane da yawa suna jin nauyin tambaya.

Sitatus kaɗai ba ya sayar da kayan sabuwar mai sana'a. Kowa zai gani, a yi ta "Ma sha Allah, Allah ya sa albarka," a wuce. Sai kin bi mutum ashirin ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ga irin saƙon da nake koya wa ɗalibaina:

"Assalamu alaikum Anti, ina kwana, ya yara? Na fara haɗa turaren wuta da hannuna. Kwalba tara gare ni, kowace naira 4,500. In kina so in aiko miki da ɗan kaɗan ki turara ki ji."

Kada ki haɗa da ban haƙuri, kada ki ce "ban dai iya sosai ba." Mai saye tana ɗaukar kayan ne yadda mai shi ta ɗauke su. Kuma ki tura duka ashirin ɗin a zama ɗaya, domin in kika tura uku kika tsaya jiran amsa, shirun farko zai kashe miki jiki.

Turare da hanci ake sayensa. Ki ƙulla 'yan ƙananan samfur a leda, ki tafi da su duk inda mata suka taru. A gidan biki ki nemi izinin uwar amarya ki turara ɗakin da ake zaune, kwalabe suna jakarki. Za ki ji wata ta ce, "Kai, wannan na waye?" Na sayar da kwalbata ta farko a haka, a gidan suna, ga wata dattijuwa da ban taɓa gani ba. Ta buɗe murfin, ta shinshina sau biyu, ta kwance bakin zaninta ta ƙirgo kuɗi ba ta ko taya ba.

In ba kya shiga taro, ki nemi dillaliya mai shiga gida-gida, ku yanke la'adarta a kan kowace kwalba tun farko, ki ba ta uku kawai, ki rubuta. Mai kitso da mai lalle ma hanya ce, tunda amare a hannunsu suke wucewa.

Wasu za su yi shiru, wasu su ce sai wani lokaci. Ki amsa da "Allah ya kai mu," ki wuce. Ba su ƙi ki ba, yau ne ba su da bukata.

10. KARƁAR KUƊI DA KAI KAYA

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ciniki da yawa ya koma tiransifa. Ƙa'ida ɗaya ce: hoton rasit ba kuɗi ba ne. Ki buɗe asusunki ki ga sun shiga kafin kaya su bar hannunki.

Bashi shi ne yake kashe ƙaramar sana'a, kuma daga na jiki yake zuwa. Ki shirya amsarki tun kafin a tambaya: "Yaya, ki yi haƙuri, jarin ƙarami ne, in na bayar ba zan iya komawa kasuwa ba. In ajiye miki ɗaya zuwa ƙarshen wata?" Wadda kike son yi wa kyauta ki yi mata, amma ki ciro kuɗin daga aljihunki ki zuba a gwangwanin sana'a.

Kai kaya cikin gari, ki samu mai adaidaita sahu ɗaya na unguwa da aka san gidansu, ko masu kai saƙo a babur. Ki faɗa wa mai saye kuɗin kaiwa tun kafin ta biya. Na wani gari kuma ta tasha, Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa gwargwadon inda ya nufa. Ki naɗe murfi da salatif, ki nannaɗe kwalbar da takarda, ki sa a kwali, ki karɓi lambar direba da ta mota ki tura wa mai kaya.

11. BAYAN MAKO BIYU, KI ZAUNA DA LITTAFI

Ki koma shafin farko, kan tambayoyin nan da kika sa wa alama. Yanzu suna da amsa. Nawa suka tafi? Su wa suka saya? Me aka fi cewa, ya yi tsada, ya yi kaɗan, ko ƙamshin ya yi ƙarfi? Ki kira mutum uku cikin masu sayen ki tambaye su kai tsaye: "Hajiya, don Allah me zan gyara?" Ƙorafin mutum ɗaya ra'ayinsa ne. In mutum uku suka faɗi abu guda, ki gyara.

In bakwai ko fiye sun tafi, ki maimaita haɗin, ki ƙara zuwa goma sha biyar. In huɗu ko biyar ne, ki sauya abu ɗaya kawai, mazubi ko farashi ko inda kike tallatawa, don ki san wanne ne ya yi aiki. In biyu ne ko ƙasa, kafin ki zargi kayan ki ƙirga mutum nawa ne suka shinshina shi da hancinsu. Sau da yawa za ki tarar ba su kai goma ba.

12. TAKARDU DA SHAGO

Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, shiga tsare-tsaren SMEDAN (hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i), kama rumfa a kasuwar baje koli ta titin gidan Zoo, hayar shago, duk suna da lokacinsu, kuma lokacin shi ne bayan kin juya kaya sau uku ko huɗu kin ga masu dawowa. Kada ki biya hayar shago da kuɗin da bai fito daga sana'ar ba.

Wanda ba na so ki yi wasa da shi shi ne abin ci da abin shafawa. Sabulu, man shafawa da abincin da aka ƙulla don sayarwa suna ƙarƙashin dokar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. In irin wannan ce sana'arki, ki je ofishinsu na Kano tun da wuri ki ji ƙa'idar masu ƙananan sana'a daga bakinsu. Kada ki zuba sinadarin bilicin a kayanki ko da kwastoma ta roƙa, kuma kada ki rubuta cewa yana maganin wata cuta.

Ranar da kika gama lissafin mataki na goma sha ɗaya, ki cire ladanki ki kashe yadda kike so. Uwar kuɗi da riba su koma gwangwani. Ki buɗe sabon shafi, ki rubuta ranar komawa kasuwa a samansa, cikin kwana bakwai, sannan ki kira mai shagon nan da kika karɓi lambarsa ki ji ko farashin madara ya motsa, don ki san adadin da za ki fita da shi.